Wanda Ya Gaya wa Mai Gwanjo Iyakata

Dakon kujeru ne ya kai ni gwanjo. Shekaruna na farko a Greensboro ina tuƙa motar wani kamfani mai kwasar kayan gida, kuma rabin aikinmu daga manyan gidajen unguwar Irving Park yake fitowa. Tsoho ko tsohuwa su rasu, 'ya'ya su taho daga wata jiha su ɗauki abin da zai shiga jaka, sauran a kira mu mu kwashe. Inda muke kai kayan wani tsohon bargan dawaki ne a Summerfield, an share shi an jera kujeru, duk Asabar ɗin farkon wata a yi gwanjo a ciki.

A cikin irin wannan kwasar na ɗauko wani hoto daga bayan ƙofar ɗakin karatu. Rago ne a tsaye cikin kwalekwale, kwalekwalen a tsakiyar falo, inuwar ragon kuma ta bishiya ce. Na tsaya ina kallonsa har abokin aikina ya gaji ya danna hon. Ranar gwanjon na koma da kaina, na karɓi kwali mai lamba irin wanda ake ɗagawa in za a yi tayi, na saye shi da kuɗin da bai kai na man motata na sati ba. Babu wanda ya ja da ni. Mutanen da ke zuwa wurin bindigogin farauta suke so, da cokulan azurfa, da injin yankan ciyawa.

Turawa suna da wani dogon suna da suke kiran irin waɗannan hotuna, ni dai zanen mafarki nake ce musu. Ba da buroshi ake yin kowane ɗaya ba. Mai zanen yana sassaƙa shi ne a kan farantin tagulla ko kan dutse, a shafa tawada a danna a takarda, a fitar da adadin da aka ƙayyade, sannan ya sa hannu da fensir a ƙasan kowane. To da yake abu ne na bugawa, jabunsa ya fi na gaskiyarsa yawa. Na koyi cire hoto daga firam, in ɗaga takardar sama in haska ta, in shafa gefen da yatsa in ji ko farantin ya bar shaida. Na sayi ɗan madubin ƙara girma ina yawo da shi a aljihu. In na ga ɗige-ɗige a jere irin na hoton jarida, na san inji ne ya kwafa, in ajiye in wuce. Harkar nan ta mayar da ni mutum mai zargi, kuma da ma can ba ni da wuyar hawa.

Matata ba ta taɓa son su ba. Ranar da na kawo na uku, wani mabuɗi da ya yi saiwa yana tsirowa a tukunyar fulawa, ta dube shi ta dube ni ta ce wanda ya zana wannan a taimaka a kai shi asibiti. Ta ce ba za a rataye mata su a falon da take salla ba. Muka daidaita a kan ƙaramin ɗakin da ke kusa da gareji, can nake jera abina.

Wani dattijo da muke ce wa Alhaji kuwa ba ruwansa da zane. Mutumin zangon Kumasi ne, ya riga ni zuwa garin nan da shekaru masu yawa. Da na sauka ban san kowa ba, a falonsa na East Greensboro na kwana wata biyu, shi ya raka ni na yi lasin tuƙi, shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar sunan 'yata ta fari. Baba nake ce masa. Bayan ya ajiye aikin sito da yake yi zaman gida ya ishe shi, sai wata rana ya ce in zan tafi wurin tsofaffin kayan nan in biyo in ɗauke shi. Yana son kallon agogunan da, da dutsen guga na gawayi in an samu. Bai taɓa karɓar kwali ba, kallo kawai yake yi.

Ni ne na jawo shi cikin harkata. Ina da wani mugun hali: in aka fara ja da ni a tayi, kaina zafi yake ɗauka, in manta da abin da na zo da shi. Saboda haka tun a hanya nake gaya masa iyakata. In ce, “Baba, hoton yau kada in wuce kaza. In ka ga na kai nan, ka riƙe mini hannu.” Ya ce to. Da Hausa muke maganar, a cikin mota, tagogi a rufe.

Daga lokacin ne abubuwa suka canza. Hotunan da nake ɗauka ba gardama suka fara samun masoya. Ina ɗaga kwali sai mai gwanjon, wani jibgegen Bature mai jan wuya da hular kaboyi, ya nuna can bayan ɗaki da gudumarsa ya ce an ƙara. In ƙara, ya sake nuna baya. A haka a haka har mu kai daidai adadin da na faɗa a mota, sai mutumin bayan ya janye, guduma ta faɗo a kaina. Karo na farko na ce sa'a ce. Na biyu na ce to. A karo na uku na juya da sauri in ga wannan abokin hamayya nawa, ban ga kowa ba sai teburin kofi da wasu tsofaffi biyu suna hira.

Na fara zargin wata doguwar mata mai shagon kayan tarihi, wadda ke rataye tabarau da sarƙa a wuya. Na zauna a bayanta a gwanjon wani wata ina kallon hannunta, ko motsi bai yi ba. Na koma kan yarinyar da ke riƙe da waya a gefen dandamali tana karɓar tayin waɗanda ba su zo ba, amma a lokacin nawa hoton wayar tana kife a kan tebur. Har motata na bincika, na leƙa ƙarƙashin kujeru, ina jin kunyar kaina ina yi. Duk inda na zaga sai in dawo wuri ɗaya: mutum biyu ne kawai suka san adadin nan a duniya, ni da Alhaji.

Kafin a fara gwanjo akan ba da awa ɗaya a duba kaya. Ni ina can na duƙa da madubina a kan takarda, ban taɓa lura da inda yake zuwa ba. Ranar gwanjo na gaba sai na yi kamar ina duba hoto, idona yana kansa. Na ga ya gyara zaman hularsa, ya nufi mai gwanjon, ya gaishe shi da hannu biyu. Sun yi magana ta kamar minti uku. Alhaji ya nuno ni da haɓa. Baturen ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. Da aka tashi kuma, muna shirin fita, sai ga shi ya kira Alhaji ya miƙa masa wani ƙaramin agogon tebur da babu wanda ya taya, ya ce kyauta. Alhaji ya rungumo shi yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ni kuwa a idona la'ada na ga an biya.

Abin ya tsaya mini a rai. Kuɗin ba su dame ni ba kamar tunanin cewa mutumin da na kwana a falonsa yana sayar da ni a gaban idona, yana kuma riƙe mini hannu in na kai inda suka shirya. Na gaya wa matata. Ta ajiye ludayi ta ce, “Ka ji tsoron Allah. Baba Alhaji fa kake magana.” Na ce na ga abin da na gani. Ta ce to in je in tambaye shi. Na ce da wane bakin zan tambayi dattijo irin wannan magana ba tare da hujja a hannu ba.

Bakin da ya kasa tambayarsa bai kasa faɗa wa wani ba. Akwai wani abokina Basakkwace mai tuƙin haya, mun haɗu a shagon naman halal, yana jiran a yanka masa kaji ina jiran ƙashin miya. Ya ce ya ga na rame. Sai kawai na sauke masa komai, har da agogon. Na ce amana ce, kada ya gaya wa kowa. Ya ce haba, ai shi kabari ne. Mahaucin yana tsaye a gabanmu, kuma ɗan Nijar ne, ya fi mu duka biyun jin Hausa.

Sati uku bayan haka gwanjo ya zagayo, na shirya tarkona. A jerin kayan da suka sa a intanet akwai wani hoto da nake so ƙwarai, wata mata tana shanya gajimare a kan igiya, ruwa yana ɗiga daga gare su yana hawa sama. Na ɗauko Alhaji kamar kullum. Ya shigo mota ya yi shiru fiye da yadda ya saba, na ɗauka nauyin laifi ne. A hanya na ce masa yau iyakata dala ɗari huɗu. A raina kuma na ƙudurta ba zan kai ko kusa ba.

Lokacin duba kaya ya yi abin da ya saba, ya je ya gaisa da hannu biyu. Ni kuma na duba hoton. Shaidar faranti tana nan, takardar mai kauri, fensir ɗin ya ɗan dushe yadda ya kamata. Na gaske ne, kuma na san zan rasa shi.

Aka ɗaga shi. Na taya, aka nuna baya. Na ƙara, aka nuna baya. Muna kaiwa ɗari biyu da hamsin mai gwanjon ya ce bayan ɗaki ya ba da ɗari biyu da saba'in da biyar, ya juyo gare ni da murmushinsa yana jiran ɗari uku. Sai na ɗora kwalina a cinya na harɗe hannu. Ya sake kira. Na kalli silin. Ya kira karo na uku, muryarsa ta ɗan sauka, sannan ya yi abin da nake jira: ya ɗauke idonsa daga kaina ya kalli Alhaji, kallon mai tambayar yaya haka. Alhaji ya taɓa gwiwata ya ce a hankali, “Ai ba ka kai ba tukuna.” Na bar kwalina a cinya. Baturen ya buga guduma ya ambaci wata lamba da ban ga kowa ya ɗaga ba, aka mayar da hoton bayan labule.

Ban jira an tashi ba. Muka fito, rana tana tsaka, filin ajiye motoci duk ƙura da warin taki daga gonar da ke maƙwabtaka. Muka shiga mota, ban tayar ba. Na dafa sitiyari.

Na ce, “Baba, nawa yake ba ka?”

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. “Wa?”

“Mai gwanjo. Duk abin da na gaya maka a motar nan yana kunnensa kafin a fara. Na gan ka da idona, ba sau ɗaya ba. In kuɗi kake bukata ai da ka gaya mini, ba sai ka haɗa baki da Bature a yanke ni ba.”

Har yau in na tuna kalmar nan ta ƙarshe sai in ji kamar in nutse. Bai ɗaga murya ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, “E, ina gaya masa.”

Na ce to madalla, ko ba komai an yi gaskiya.

Ya ce, “Ina zuwa in gaishe shi. In ce masa yaron can ɗana ne, ma'aikaci ne, yana da iyali, ba ɗan kasuwa ba ne. Abin da ya zo da shi ke nan, kaza, ba shi da ƙari. Ka dubi Allah ka yi masa sauƙi, kada ka bari masu kuɗi su ƙwace masa. Shi kuma kullum sai ya ce kada in damu, zai kula da kai.”

Ya ci gaba, da alama yana ganin ban fahimta ba ne. Ya ce shekara nawa ya yi a kasuwar Kumasi, yaro ba ya zuwa sayen abu mai tsada shi kaɗai. Babba ne yake shiga gaba ya gaya wa mai kaya gaskiyar ƙarfin yaron, mai kaya kuma ya ji nauyin furfura ya sassauta. Ya ce ko buhun goro ne haka ake yi, balle abin da ya ga raina yana kai.

“Kuma ai yana ji,” in ji shi. “Tun da na fara yi masa magana, akwai hoton da ka nema ka rasa? Ba kullum a kanka yake buga gudumar ba?”

Da ba ni abin ya shafa ba da na yi dariya. Nan na zauna ina yi wa dattijo bayani kamar mai karanta wa kansa hukunci. Na ce masa a nan mai gwanjo ba mai kaya ba ne da zai yi ragi, rabonsa yana ƙaruwa ne in farashi ya hau. In ya san inda mutum zai tsaya, sai ya yi ta nuna bango yana cewa an ƙara har ya kai shi wurin. Na ce babu kowa a bayan ɗakin nan, tun farko ni kaɗai nake tayi.

Ya daɗe yana kallon hular da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Ashe cutar da kai nake yi.”

Na ce a'a Baba, ni ne na yi laifi, ya yafe mini, shaiɗan ne da zafin kai. Na yi ta jero irin maganganun da mutum yake yi in ya tafka abin kunya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, “Na yafe. Amma maganar nan ba yau na fara jin ta ba. Sati biyu ke nan, bayan Juma'a, wani ya ja ni gefe ya ce ana cewa ina cin la'ada a kanka. Hajiya ma ta ji a wurin mata. Ta ce in daina bin ka. Na ce mata a'a, yaron nan in yana da magana da ni ya san ƙofar gidana. Kullum in aka ƙwanƙwasa sai in ce kai ne.”

Ya mayar da hularsa ya ce in tayar da mota, kada azahar ta wuce mu a hanya.

Ban sake taka bargan nan ba. Ba ni da hujjar da zan kai wa kowa a kan mai gwanjon, kallo ɗaya ba shaida ba ne, kuma ban yi mamaki ba da na ga hoton matar mai shanya ya sake fitowa a jerin kayan wata na gaba. Yanzu ta intanet nake tayi a wasu wurare, in rubuta iyakata a takarda in kife ta kusa da kwamfuta. Wani lokaci ina tsayawa a kai, wani lokaci ba na tsayawa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne bin maganar da na saki. Na sami Basakkwacen nan na gaya masa yadda abin yake, ya rantse shi mutum ɗaya kawai ya gaya wa. Na je wurin mahaucin. Na je wurin wanda ya ja Alhaji gefe. Har a gaban liman na faɗa, da bakina, cewa ni na yi zato kuma zaton ƙarya ne. Kowa ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kyauta, ai da ma su ba su yarda ba. Alhaji ya ci gaba da amsa gaisuwata, ya zo duba matata da ta yi rashin lafiya, ni kuma na ɗauka wutar ta mutu.

Bara, a wajen wata walimar suna, na zauna kusa da wani baƙo da bai fi wata uku da zuwa daga Kaduna ba. Ban san shi ba, bai san ni ba. Muna cin shinkafa yana ba ni labarin yana neman tsohuwar mota mai sauƙi, na ce masa ga dattijo can a bakin ƙofa, ya san duk masu gyaran mota na garin nan, ya je ya same shi. Ya kalli Alhaji, ya matso kusa da ni ya rage murya.

“An riga an ja mini kunne a kansa,” in ji shi. “An ce ko yaron da ya riƙa kamar ɗa, sai da ya haɗa baki da Turawa suka yi ta cin kuɗinsa a gwanjo.”

Na ajiye cokali. Na ce masa ni ne yaron. Na ce ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta da bakina, kuma dattijon nan roƙo yake yi mini. Na ba shi labarin tun daga farko, yana saurare yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya dafa hannuna.

Ya ce, “Allah ya saka maka, Malam. Ba kowa ne za a yi wa haka ya zo yana rufa wa mutum asiri ba.”